Gajeriyar Kibiya

Hannun da ke kan allo ya fi na Baba kyau. Yatsu sumul, farce a gyare, babu ko ƙwarzane. Na Baba kuwa yana da kanta a gindin babban yatsa, inda almakashi ya zauna tun yana saurayi a shagon ɗinki. Tun ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun nan yake kwance a kan cinyarsa kamar baƙon da aka rasa yadda za a sallame shi.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta ɗaura masa na'urar a wuyan hannu, wani ɗan abu kamar agogo marar fuska. Ta jingina kwamfutar hannu da fulas ɗin shayi a kan tebur. Kamfanin da take aiki ne ya rubuta manhajar saboda masu zuwa gashi a asibiti, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye. Marar lafiya ya motsa hannunsa, hannun allo ya bi shi, ya nufi wani kofi da aka zana a gefe. Likitar gashi ta riga ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa sai ya riƙa motsa shi kullum, ko yaya ne, domin hannun da aka daina aika wa saƙo mantawa yake yi da hanya. Baba kuwa ya gaji da matsa ƙwallon roba. Shi ya sa Auta ta roƙi izini a ofis ta kawo masa wannan.

"To, ranka ya daɗe, ga kofi can. A ɗauko mana," in ji ta.

"Da shayi a ciki?" Maganarsa tana fita a ɗan karkace, amma tsokanar ba ta shanye ba.

"In ka kai, Mama za ta zuba."

Ya tattara numfashi, ya ƙura wa hannunsa ido. Hannun allo ya ɗan yi rawa, sai ya hau juyawa kamar fankar da ta kwance daga sili, dama, hagu, sama, ƙasa. Can sai ɓat. Kofi ne kawai ya rage a kan allo.

"Af. Har shi ma ya gudu?" in ji Baba.

"Matsalar manhaja ce, Baba, ba kai ba ne."

"Ai ya fi ni wayo. Ya duba ya ga babu ci gaba a nan, ya kama gabansa."

Mama ta yi dariya daga kicin, sai dariyar ta tsaya a tsakiya. Baba ya miƙo hannunsa mai lafiya ya nuna na'urar. "Kwance min wannan abu, Auta."

Ofishinsu ɗaki biyu ne a hawa na sama, a kan wani shagon gyaran waya. Akwai na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a cikin bokiti, da bulo guda da ake tokare ƙofa da shi. Da safe Auta ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi teburin Dogo, mai gwada duk abin da suka rubuta kafin ya fita.

"Dogo, ka taɓa ganin hannun nan ya ɓace?"

"Fatalwa? Ai kowa ya san ta." Ya ɗaura na'urar a hannunsa, ya hau kaɗa wuyan hannu a hankali. Hannun allo ya bi shi lafiya lau. "Kin gani? Sai kina fifita. Muddin kina fifita, ba ta fitowa."

Sai a lokacin ta lura. Ta sha ganin wannan motsi ba ta taɓa kawo komai a ranta ba. Duk wanda ya ɗaura na'urar a ofishin nan, hannunsa ba ya tsayawa, ko magana yake yi, ko ruwa yake sha da ɗaya hannun. Har a gaban baƙi haka suke yi, da murmushinsu. Ita kanta haka take yi. A makon da ta fara aiki aka koya mata, tare da lambar sirrin intanet da kuma wane famfo ne ba ya rufuwa. Hannunta ya koya, ƙwaƙwalwarta ba ta tambaya ba.

Irin wannan ne ke kashe aiki, ba jahilci ba. Mutane masu ilimi su ga rami a tsakiyar ɗaki, maimakon su cike shi sai su koyi tsallake, har su raɗa masa sunan wasa.

Ta buɗe rubutun manhajar ta bi shi layi-layi, ba ta daɗe ba ta ga wurin. Kwamfuta ba ta san hannu ba. Abin da ta sani shi ne, ga inda yake ɗazu, ga inda yake yanzu. Sai ta ja kibiya daga wurin farko zuwa na biyu, abin da masu sana'ar ke kira bekta. Kibiya tana da tsawo, tana da inda ta fuskanta. In za a juya hannun allo, inda ta fuskanta kawai ake so, don haka sai a raba kibiyar da tsawonta, doguwa da gajeriya duk su koma tsawo ɗaya. Wannan shi ne daidaitawa, kuma ana yin ta sau da yawa kafin mutum ya ƙifta ido.

To, in hannu bai motsa ba sam, tsawon sifili ne, kuma ko ɗan firamare ya san ba a raba abu da sifili. Kwamfuta ba ta ihu. Amsa take fitarwa wadda ba lamba ba ce, amsar kuma wake ɗaya ce mai ɓata gari, duk lissafin da ta taɓa ya lalace, har a rasa inda za a zana hannun. Shi ne ɓacewar. In kuwa tsawon ya kusa sifili amma bai kai ba, nan ne juyawar take. Na'urar tana da 'yar rawa ta kanta, ko a kan dutse aka ajiye ta. Sai manhajar ta ɗauki wannan rawa da ba ta kai kaurin gashi ba, ta miƙe ta ta zama cikakkiyar kibiya, yanzu gabas, yanzu yamma.

Ta ɗauki kwamfutarta ta shiga ɗaki na biyu, wurin wanda suke kira Tsohon Hannu. Shi ya fara rubuta wa kamfanin manhaja tun ana yin wasannin waya, kuma ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ko wajen tauna.

"Yallaɓai, mun yi manhaja don mutanen da hannunsu ba ya motsi, kuma tana lalacewa in hannu bai motsa ba."

"Ina kwana, Auta."

"Ina kwana. Ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Fatalwa ce. Tana cikin abubuwan da za a duba."

"Yaushe? In masu ciwon sun warke da kansu?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Ke dai wuta kike ci da safe. Kawo nan." Ya buɗe wani tsohon aiki, ya kwafo layi uku. "Ga shinge. In tsawon kibiya bai kai wannan lamba ba, a ɗauka babu motsi, kar a raba komai, a bar hannu inda yake. Mun daɗe muna amfani da shi, bai taɓa ba mu kunya ba."

Ta saka. Dogo ya ɗaura na'urar, ya daina fifita, ya ajiye hannu a kan tebur. Hannun allo ya tsaya cak, bai juya ba, bai ɓace ba. Dogo ya kaɗa, hannun allo ya bi shi. Dogo ya yi wa Fatalwa addu'ar bankwana, kowa ya yi dariya. Auta ta zuba kayan a jaka tana Allah-Allah a tashi.

Da yamma sai da ta yi lallashi kafin Baba ya yarda a sake ɗaura masa. Mama ta bar wanke-wanke ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu da zane.

"An gyara, Baba. Yau ba zai gudu ba."

Bai gudu ba kuwa. Baba ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo a goshinsa. Auta tana kallon cinyarsa, ta ga hannun yana jan yadin wandonsa kaɗan-kaɗan, har wata 'yar tattara ta fito a inda da babu ita. Motsi ne. Da idonta ta gani. Ta ɗaga kai ta dubi allo. Hannun yana nan kamar an sassaƙa shi da dutse.

Ya sake gwadawa. Ya kuma sakewa. Sannan ya saki numfashi ya jingina da kujera.

"Gara na jiya," ya ce a hankali. "Na jiya ko gudu ya iya."

"Baba, wallahi ka motsa. Na gani."

"Ke 'yata ce, dole ki gani. Shi kuwa ba ɗana ba ne, ba ya jin kunyata." Ya dubi Mama. "Saka shi a aljihun keke."

Keken ɗinkin yana kusurwar falo, an lulluɓe shi da tsohon labule. Mama ta buɗe aljihun da ake ajiye zare da allura, ta saka na'urar, ta rufe. Washegari Baba ya ce jikinsa ba daɗi, ba zai je gashi ba. Ranar da ta biyo ma haka. Ƙwallon robar ta gangara ƙarƙashin kujera, bai ce a ɗauko ba. Da likitar ta kira waya, sai ya ce a faɗa mata yana barci, alhali yana zaune da rediyo a kunne.

Auta ta koma ɗakin Tsohon Hannu. A wannan karon ta gaishe shi tukuna.

"Lambar nan ta shinge, daga ina ta fito?"

Ya ɗan yi tunani. "Daga wasan tseren mota."

"Mota." Auta ta ɗaga murya. "Motar da ke cin rabin titi a ƙiftawar ido. Da ma'auninta muke auna dattijon da ke jan hannunsa kamar tururuwa da kaya? Mun ce masa duk ƙoƙarinsa sifili ne! Haka kawai, don lambar tana nan a ajiye, ba wanda ya tambaya!"

"Ke kin tambaya?" in ji shi.

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya faɗa ne kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Ruwa ya ɗiga a bokiti. Auta ce da kanta ta karɓi layukan nan uku da gudu, ta kai wa mahaifinta da gudu.

"Ban tambaya ba," ta ce.

"To mu biyu ke nan. Jawo kujera. Me kike so mu yi?"

Abin da take so shi ne su daina kintace, su auna. Ta karɓi wata na'urar daga wurin Dogo, ta ɗauko bulon ƙofa ta ɗora a kan tebur, ta ɗaura masa ita kamar mai shirin zuwa biki. Bulo dai ba ya motsi, don haka duk abin da na'urar ta ce ta ji, rawar kanta ce. Aka kashe na'urar sanyi. Aka hana Dogo yawo, domin takunsa yana girgiza daɓe.

"Yanzu bulo ya fi ni daraja a ofishin nan," in ji Dogo daga inda aka zaunar da shi.

"Ya fi ka natsuwa dai," in ji Auta.

Suka zauna suna kallon lambobi suna gangarowa, har suka ga iyakar rawar. Ƙanƙanuwa ce, lambar mota ta ninka ta ba adadi. Auta ta kafa sabon shinge a saman rawar kaɗan. Sai dai da ta tuna yadda hannun Baba ya ja yadin wando, sai ta ga da sauran aiki. Manhajar tana gwada inda hannu yake yanzu da inda yake a ƙiftawar da ta wuce. A cikin ƙiftawa ɗaya, tafiyar hannun Baba ba za ta kai ko rawar bulo ba. Duk inda aka kafa shingen, ko dai ya shigo da rawar, ko ya bar Baba a waje.

Ta daɗe tana juya biro a hannu. Ɗakin ya ɗau zafi, Tsohon Hannu yana fifita da murfin kwali, fifitar gaske a wannan karon.

"Rawar ba ta zuwa ko'ina," ta ce can, kamar mai magana da kanta. "Ta je dama ta dawo, ta je hagu ta dawo. Shi kuwa hannu, ko yaya yake jan jiki, gaba yake yi. Me ya sa muke zubar da ɗan abin da ya samu a kowace ƙiftawa? Mu kafa turke a wuri na ƙarshe da muka yarda da shi. Mu riƙa jan kibiyar daga turken, ba daga ƙiftawar da ta wuce ba. In gajeriya ce, mu jira. In ta tsallake shinge, mu daidaita ta, mu matsar da turke."

Tsohon Hannu ya daina fifita. "Kafin ta tsallake fa, ina hannun zai fuskanta?"

"Inda ya fuskanta a ƙarshe. Kar mu mayar da shi sifili, kar mu ƙirƙira masa wata fuskar."

"In yanzu aka kunna, babu ta ƙarshe?"

Auta ba ta kai nan a tunaninta ba.

"Ya fuskanci kofi," in ji shi. "Ai can za shi. Kuma ki duba, wannan rabawar ba a wuri ɗaya take ba. Akwai ta a inuwa, akwai ta a hasken da ke sauka a bayan hannu. In kika gyara ɗaya kika bar sauran, Fatalwa za ta dawo da wata rigar."

Yini guda suka yi a kai, ita tana rubutawa, shi yana nuna mata lungunan da ya sani. Da aka gama, bulo ya ci jarrabawa, hannun allo ya tsaya yana kallon kofi ba ko gezau. Saura gwajin jinkiri. Aka ɗaura wa Dogo, aka ce ya ja hannu a hankali iya yadda zai iya. Ya rufe ido, ya riƙe numfashi, hannun ya tafi fuu kamar an kira shi cin abinci. Aka ce ya rage. Ya rage, sai wuyan hannun ya koma fifita da kansa, shi bai ma sani ba. Tsohon Hannu ya gwada, da duk sanyinsa, shi ma ya yi sauri. Auta ta gwada, ta fi kowa muni.

"Mu duka lafiyarmu ta yi yawa," in ji Dogo.

Gaskiya ya faɗa. Manhajar nan tun farkonta masu lafiya ne suke gwada ta a kan masu lafiya, suna tafa wa juna.

Ta tarar da Baba a falo, rediyo a kunne, hasken yamma ya faɗo a kan labulen keke. Ba ta nufi aljihun ba. Ta durƙusa gefen kujerarsa ta gaishe shi, ta rage muryar rediyon.

"Baba, ba gashi na kawo ba. Taimako nake nema."

"A wurin mai hannu ɗaya?"

"Ranar nan manhajar ƙarya ta yi maka. Ka motsa, ita ce ba ta iya gani ba, don mun auna ka da ma'aunin motar tsere. Mun gyara, amma ba mu san ko ta gyaru ba. Duk ofishinmu babu wanda ya iya jan hannu a hankali. Mun gwada har da bulo."

"Bulo ya ce me?"

"Ya ci. Dogo ne ya faɗi."

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. "Wato an duba gari kaf, an rasa sarkin nawa sai ubanki."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallon keken. "In ya sake yi min gunki fa?"

"To ba mu iya ba ke nan, sai in koma in sake. Amma ba zan ce maka ya yi ba in bai yi ba."

Mama, wadda ashe tana bakin ƙofa, ba ta jira umarni ba. Ta buɗe aljihun, ta kaɗe wani farin zare da ya manne wa na'urar, ta miƙo. Auta ta ɗaura, ta jingina allon da fulas.

Hannun ya bayyana, yana fuskantar kofi. Baba bai yi komai ba tukuna, kallonsa kawai yake yi kamar mai jiran abokin ciniki ya fara taya kaya. Hannun bai juya ba, bai ɓace ba.

"Jira yake yi," in ji Auta. "In ka tsaya, zai tsaya yana kallon inda ka nufa."

Baba ya cije leɓe. Yadin wando ya soma tattarewa. Allon shiru. Auta ta ji tana so ta ce wani abu, ta yi bayani, ta ba da haƙuri tun kafin lokaci, amma ta danne. Tattarar ta ƙaru kaɗan. Sai hannun allo ya zame gaba, ɗan mitsitsi, kamar faɗin farce.

Mama ta dafe baki.

Baba bai yi murna ba. Ya dubi Auta ta gefen ido. "Ke da wayo. Ko kin saita shi ne ya riƙa tafiya da kansa, don a faranta wa tsoho?"

"Gwada shi ka gani."

Bai faɗa mata abin da zai yi ba. Ya huta, ya sake tattara ƙarfi, a wannan karon ya ja hannun baya, wajen cikinsa. Ya ɗau lokaci. Gumi ya gangaro ta gefen kunnensa. Can sai hannun allo ya juya a hankali, ya ba kofi baya, ya matso.

"Kai," in ji Baba. "Ashe yana ji."

Ya sake nufar kofin. Hannun ya juyo, ya zame, ya tsaya, ya sake zamewa. Tsakaninsa da kofin akwai sauran tafiya mai yawa, kuma numfashin Baba ya fara nauyi. Auta ta tuna likitar ta ce kar a bari ya wahalar da kansa. Ta kai hannu za ta kwance igiyar.

Ya ture yatsunta da hannunsa mai lafiya, idonsa na kan allo.

"Bar shi tukuna. Ki ce wa uwarki kar ta zuba shayin yanzu, zai huce kafin in kai."